Juyi Ɗari a Minti Uku

Idan aka ambaci Baba Manasse a unguwar Jerusalem, maganar kunnensa ake fara yi. Masu keke-napep da ke tsayawa a bakin layinsu sun ce yana zaune a gindin darbejiya zai ɗaga hannu ya ce wa mutum, "Fulogin injinka ya kusa mutuwa," kuma ba a kwana uku sai a ga mutumin yana turin keke. Matan zumunta na cocinsu sun ce ko su arba'in ne suke waƙa, in ɗaya ta kauce ba ya ce mata komai, ta saman tabarau zai dube ta, ita kaɗai, har sai ta dawo hanya. Matarsa Florence kuwa takan ce duk abin da aka faɗa gaskiya ne, kunnen nan yana jin komai a duniya, maganar mutane ce kawai ba ta shigarsa.

Mutumin Shaffa ne, wani gari a cikin duwatsu. Ya zo Maiduguri yana saurayi, ya yi aikin akawu a wata makarantar sakandare har ya yi ritaya. Shekara talatin da takwas shi ke kaɗa bes a coci, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba a cika lura da ita ba sai ta yi shiru. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A faifai guda ɗaya ya koya.

Wani makaɗi ɗan Ghana ne ya bar masa faifan haɗe da garmahonsa, a shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, don ba shi da inda zai sa su a mota. Kwalin faifan ya daɗe da yagewa, rubutun tsakiyarsa ya goge, saboda haka a gidan "faifan Baba" kawai ake ce masa. Kiɗa ne zalla, babu mai waƙa. Wasu mutanen ƙasar waje ne suka ɗauki kiɗan jaz suka haɗa shi da kayan lantarki, ga mai busa, ga mai fiyano, ga mai ganguna da hannunsa ba ya hutawa. Amma shi Manasse mai bes ɗin yake saurare. A duk kiɗan da ya sani kafin nan, bes a baya yake tsayawa yana riƙe wa mutane ƙasa. A wannan faifan kuwa yakan riƙe ƙasan, sa'an nan ya fito gaba ya yi magana. Yatsan mutumin yana zamewa daga murya zuwa murya kamar na mai goge, ya yi tambaya, mai busa ya ba shi amsa, shi kuma ya yi kamar bai gamsu ba ya sake tambaya. Kiɗan farko da bes kaɗai yake buɗewa, murya ɗaya doguwa mai zurfi. Da wannan muryar Manasse yake saita jitarsa. Kowace Asabar da yamma zai ɗora allura, ya murɗa tsirkiyarsa mafi kauri har ta haɗu da ta faifan, sauran ukun su bi bayanta, ya mayar da jitar cikin jakarta sai Lahadi.

Abin da ya raba shi da ɗansa Caleb ke nan, shekara biyu da suka wuce.

Ana shirin Ista ne, Manasse ya yi kakkarai a yatsa, sai ya ce Caleb ya riƙe masa bes a wurin gwajin waƙa. Caleb ya karɓa, ya fito da wayarsa, ya sake saita tsirkiyoyin duka huɗu da abin saiti na cikin wayar. Da aka fara, bes da fiyano suka riƙa karo da juna, har matan baya suka yamutse fuska. Manasse ya tsayar da waƙar. Caleb ya ce, "Baba, ba ni ba ne. Saitinka ne yake ƙasa da rabin mataki, na daɗe ina ji." Ya juya wajen Justin, mai kaɗa fiyanon cocin, ya ce, "Justin, faɗa masa mana." Justin ya sunkuyar da kai yana goge ƙurar da babu ita.

A gaban mutum fiye da hamsin Manasse ya ce, "Ajiye min kayana. Shekara ashirin da bakwai kana zaune a gidana kamar buhun gero, faifan nan yana juyawa a kanka, ba abin da ya shiga. Ba ka da kunne, kuma ba za ka yi ba."

Da suka koma gida Caleb ya nemo asalin kiɗan faifan a waya ya kunna masa, ya ce ya saurara. Manasse ya saurari minti ɗaya ya ce 'yan kwamfuta sun taɓa shi, sun sa shi yana gudu kamar wanda ya saci akuya. A satin Caleb ya kama ɗaki a Mairi, kusa da inda yake aikin gwajin jini. Yakan zo gaishe da mamansa, amma sai ya tabbata Baba yana coci.

Yanzu ga shi ya sami aiki a Yola, ranar Litinin zai tashi. Florence ta faɗa wa mijinta ranar Laraba tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Caleb, in yaron nan ya bar garin nan a haka, ni dai na san shi. Sai dai ka riƙa jin labarinsa a bakin mutane."

"Ni na kore shi?"

"A'a, buhun gero ne ya yi ƙafa ya fita da kansa."

Manasse ya kau da kai. Garmahon ma ba ya gida a lokacin, balle ya shiga ɗaki ya ɓuya a bayansa. Sati biyu ke nan da ya daina fitar da sauti, ya kai wa Ejiofor.

Ejiofor mai gyaran rediyo ne a wajen Fos Ofis, ya fi shekara arba'in a Maiduguri, yana ciniki da Kanuri, yana faɗa da Hausa, yana addu'a da Ibo. Ranar Asabar da hantsi Manasse ya same shi a shago tsakanin matattun talabijin, fanka tana kaɗa iska mai zafi.

"Oga Manasse! Tsohon naka ya tashi. Waya ce ɗaya ta tsinke a cikin hannun allura, na haɗa. Bel ɗin da ke juya faifan ma na canza maka, na sa an kawo daga Onitsha. Kawo faifan mu ji."

Manasse ya zaro faifan daga cikin tsohon zanin Florence da yake naɗe shi, ya hure shi, ya ɗora da kansa. Allura ta sauka. Muryar nan doguwa ta fito.

Bai bari ta kai ƙarshe ba ya ɗage allurar.

"Me ka yi masa?"

"Na gyara."

"Ka lalata. Ya hau sama, kuma yana gudu. Ejiofor, wayar da ta tsinke na kawo maka, wa ya aike ka wajen bel?"

Ejiofor ya jawo aljihun teburi ya ɗauko tsohon bel ɗin, wata siririyar roba baƙa da ta yi sheƙi don tsufa, ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar mataccen ƙadangare. "Ka gane wannan? Ni na sa maka shi da hannuna, shekarar da aka haifi Caleb, har ka kawo min cincin na suna. Zafin garin nan shekara nawa? Bel ɗin nan ya yi ritaya tun kafin kai, ba a dai ba shi takarda ba ne."

"Mayar min da shi."

"Zan mayar. Amma zauna tukun, kai akawu ne, ka iya ƙirga."

Ya cire faifan, ya ɗauki alli ya yi ɗigo a gefen farantin da ke juyawa, ya ajiye wayarsa a kan teburi da agogon ƙirga lokaci a buɗe. Ya ce irin wannan faifan, in garmaho yana da lafiya, juyi ɗari yake yi a minti uku, ba ƙari ba ragi, haka masu yin sa suka yanka shi. Manasse ya gyara tabarau. Ɗigon alli yana zuwa yana wucewa, yana ƙirgawa da leɓe, Ejiofor yana korar wani mai neman batir da hannu don kada ya katse su. Da wayar ta yi ƙara Manasse yana kan ɗari daidai.

"To, ga naka," in ji Ejiofor. Ya ɗage farantin, ya sa tsohon bel, suka sake.

Casa'in da huɗu.

"Sake," in ji Manasse.

Suka sake. Casa'in da huɗu, ɗigon bai ma ƙarasa zagayen ba.

"Ba rana ɗaya ya yi haka ba," in ji Ejiofor, muryarsa ta sauka. "Kaɗan-kaɗan yake saki. Bana ya rage kaɗan, baɗi ya ƙara. Kai kuma kowace Asabar kana binsa. Tare kuka tsufa, shi ya sa ba ka ji ba. Wanne zan bar maka?"

Manasse ya daɗe yana kallon robar. Sa'an nan ya ce a sa sabon, a mayar da faifan.

Wannan karon ya bar shi. Da farko jikinsa ƙi ya yi, kamar an sa masa takalmin wani. Amma da ganguna suka shigo, mai bes ya fara zagayen nan nasa, sai wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ashe mutumin ba tafiyar dattijo yake yi ba. Rawa yake yi. Wuraren da Manasse ya daɗe yana ɗauka nishi ne, dariya ce. Kuma ya san wannan kiɗan, ya taɓa jin sa haka, a ɗakin ɗan Ghanan nan, yana tsaye a bakin ƙofa da takardun makaranta a hammata, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Ƙafarsa ta dama ta soma buga ƙasa ba da saninsa ba.

"Ka ga ƙafa ta riga kunne tuba," in ji Ejiofor.

"Rufe min baki, Inyamiri."

"Na rufe, mutumin dutse."

Abu ɗaya ne ya rage masa bai gane ba. In saitinsa yana ƙasa, me ya sa kowace Lahadi yake haɗuwa da fiyano daidai, na Caleb kuma ya yi karo? Ya rungumi garmahon da faifan a cikin kwali, ya tari keke, ya ce a kai shi coci.

Justin yana ciki shi kaɗai, yana gwada waƙoƙin gobe. Da ya ga dattijon da kwali ya taso zai karɓa, Manasse ya ce ya koma ya zauna.

"Buga min muryar da nake saita babbar tsirkiya da ita."

Justin ya buga.

"Yanzu kashe fiyanon, ka sake kunnawa, kada ka taɓa komai, ka sake buga ta."

Justin ya dube shi, ya dubi ƙofa. Ya kashe, ya kunna, ya ɗora yatsa. Muryar ta fito sama da ta ɗazu da rabin mataki.

"Akwai wani maɓalli a nan, Baba," in ji shi, kamar mai ba da shaida a kotu. "Yana sauke fiyanon gaba ɗaya. Da na kunna nake danna shi sau ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Ni dai haka na gada. Wanda na karɓa a hannunsa, ranar da zai tafi, bai nuna min inda makullin akwati yake ba sai da ya nuna min maɓallin nan. Ya ce na Baba Manasse ne, kada in manta, kada kuma in faɗa."

"Su waye suka sani?"

Justin ya sosa ƙeya. "Fasto ya sani. Mai ganga ba ruwansa. Matan zumunta kuwa cewa suka yi a bar shi haka, wai waƙa ta fi musu sauƙi, ba sai sun yi ta miƙa wuya ba."

"Ranar da na zagi ɗana, maɓallin a danne yake?"

"A danne yake, Baba." Idonsa ya ciko. "Na so in yi magana. Na dubi fuskarka, na dubi mutane, bakina ya mutu. Caleb bai sake ɗaga wayata ba tun daga ranar."

Manasse ya zauna a bencin gaba, kwalin a cinyarsa. Ya jira fushi ya zo, don ya san hanyarsa, ta wuya yake fara hawowa. Bai zo ba. Abin da ya zo dariya ce, wata 'yar ƙarama da ta kuɓuce masa ta hanci, ta ƙaru har kafaɗunsa suna rawa. Coci guda, da fasto da komai, shekara da shekaru suna sunkuyawa rabin mataki saboda wata roba da ba ta kai tsawon igiyar takalmi ba.

"Baba, lafiya?"

"Gobe kada ka danna shi. In matan zumunta sun yi ƙorafi ka turo su wajena."

A cikin keken da ya ɗauke shi zuwa Mairi ne ya gane abin da ya sa yake jin jikinsa sakayau. Shekara biyun nan ba rashin kunyar Caleb ce take cin sa ba, ko da yake ita yake faɗa wa mutane. Abin da yake kwana da shi ya tashi da shi shi ne ya haifi ɗa guda ɗaya, kuma abu guda ɗaya da yake da shi na bayarwa bai shige shi ba. Ga shi kuwa yaron ya ji rabin mataki a cikin hayaniyar mutum hamsin, ya ji shi tun yana gida, yana zaune a tabarma bai ce komai ba. Ko shi Manasse a ƙuruciyarsa bai tabbata zai ji ba. Suka bi hanyar Bama, suka wuce masu sayar da kankana da katangar jami'a, direban yana ta ba shi labarin tsadar mai, shi kuwa yana ta cewa "haka ne" yana murmushi, har direban ya waigo ya dube shi.

Ɗakin Caleb yana cikin wani gida na haya mai ɗakuna shida a jere. Ƙofa a buɗe, an naɗe katifa an ɗaure da igiya, tukwane a cikin bokiti. Caleb yana durƙushe yana cusa littattafai a buhu. Da ya ga wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya miƙe, ya sake durƙusawa.

"Baba. Sannu da zuwa. Mama lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Akwai wuta a nan?"

"Akwai ta sola, 'yar kaɗan."

"Karɓi wannan, hannuna ya gaji."

Caleb ya karɓi kwalin, ya leƙa ciki, ya dubi babansa. Ya share kan wani akwati, ya ajiye garmahon, ya haɗa shi da 'yar lasifikarsa. Manasse ya zauna a kan naɗaɗɗiyar katifar. Ya yi maganar zafin rana. Ya tambayi motar da za ta kwashi kayan, ya ce hanyar Yola sai a tashi da wuri. Ya ce Ejiofor yana gaishe shi. Caleb yana amsawa da "to, Baba" da "in Allah ya yarda," idonsa a ƙasa.

"Ɗora faifan," in ji Manasse.

Tun yana yaro ba a taɓa barin Caleb ya taɓa allurar nan ba. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya sauke ta.

Muryar ta fito ta cika ɗakin da babu komai a cikinsa. Kan Caleb ya ɗago tun kafin ta yi nisa. Ya dubi garmahon, ya dubi babansa. Manasse ya ga haka, ya ji daɗin ganinsa har cikin ƙashi. Daƙiƙa biyu ba ta cika ba yaron ya ji.

"An canza bel," in ji shi. "Ɗari a minti uku. Ni na ƙirga."

Caleb ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Kiɗa ya ci gaba da tafiya. Wata maƙwabciya ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta koma. Can tsakiyar kiɗa na biyu Caleb ya ɗaga yatsa.

"Baba, saurari nan. Zai makara da gangan, ya bar mai ganga ya wuce, sa'an nan ya kamo shi a kwana. Ga shi. Ka ji? A waya ba ya fitowa haka, ba ka jin yatsansa a kan tsirkiya."

"Na ji," in ji Manasse. Wurin nan bai taɓa nuna wa kowa ba.

Da gefen farko ya ƙare allura ta shiga yin ƙas-ƙas a tsakiya, Caleb ya tashi zai juya faifan. Manasse ya ce ya bari.

"Na biya coci. Justin ya nuna min maɓallin."

"Baba, ya wuce."

"Bai wuce ba. Gobe bayan sujada zan tsayar da 'yan waƙa, duk wanda yake wurin ranar nan, in faɗa a inda na faɗi waccan. Ina so ka zo."

"Ba sai ka yi haka ba, don Allah. Kai ubana ne, ba a..."

"Zauna, Caleb. Kai ka daɗe kana ji, yau ni zan yi magana."

Caleb ya koma ya durƙusa. Manasse ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu, ya dubi ɗansa ba ta saman komai ba.

"Kai ne da gaskiya, ni ne a ƙasa. Na kunyata ka a gaban mutane a kan abin da ka fi ni ji, na kuma bar ka shekara biyu da shi. Na yi maka laifi, ɗana. Ka yafe mini."